Makamashi mai sabuntawa a Afirka ta Kudu

Afirka ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi dogaro da kwal a duniya. Kusan kashi 80 cikin 100 na wutar lantarkinta daga ƙona kwal take fitowa, kuma kamfanin gwamnati na Eskom ne ke samar da mafi yawanta. Duk da haka, ƙasar tana da rana da iska masu yawa da za a iya samar da wuta da su. Abin da ake tababa a kai shi ne ko za a iya kai wannan wuta inda ake bukatarta, da kuma wanda zai ɗauki asarar rabuwa da kwal.

Yadda kwal ya kafu

Mafi yawan ma'adinan kwal da tashoshin wuta suna lardin Mpumalanga ne, gabas da Johannesburg. An gina tashoshin kusa da ramukan haƙa, har wasu bel ne ke kai musu kwal kai tsaye. Wannan araha ce ta raya ma'adinan zinare da masana'antun narka ƙarfe shekara da shekaru. A garin Secunda ma, kamfanin Sasol fetur da dizal yake tacewa daga kwal. Tashar nukiliya ɗaya ce tak, wato Koeberg da ke kusa da Cape Town, wadda ta fara aiki a 1984.

Tashoshin sun tsufa, gyara kuma ya yi ƙaranci. Daga ƙarshen 2007 Eskom ya fara ɗauke wuta unguwa-unguwa bisa jadawali don kada tsarin ya durƙushe gaba ɗaya. Manyan tashoshin kwal biyu da aka sa ran za su share hawaye, Medupi da Kusile, kowacce mai ƙarfin megawat kusan 4,800, sun cinye kuɗi ninkin abin da aka tsara, kuma Medupi da aka fara a 2007 ba ta kammala ba sai 2021. Lamarin ya fi ƙamari a 2023, shekarar da aka ɗauke wuta fiye da kwana 300. A wannan shekarar ce gwamnati ta yi alƙawarin ɗauke wa Eskom bashin rand (kuɗin ƙasar) biliyan 254.

Shigowar rana da iska

A 2011 gwamnati ta buɗe wani shiri na gwanjo: kamfanoni masu zaman kansu su faɗi farashin da za su sayar da wuta, a zaɓi masu sauƙi, Eskom ya saya na tsawon shekara 20. Ta nan aka samu tashar iska ta Jeffreys Bay mai megawat 138, da KaXu Solar One kusa da Pofadder, mai tara zafin rana da madubai. A zagayen farko, kilowat ɗaya na awa guda daga faifan sola ya haura rand 2.50. A zagaye na biyar, cikin 2021, ya faɗo ƙasa da rabin rand, ko da yake wasu daga cikin waɗanda suka ci gwanjon sun kasa aiwatarwa bayan kaya sun yi tsada. Shirin ya taɓa tsayawa cak lokacin da Eskom ya ƙi sa hannu a yarjejeniyoyin da aka riga aka amince da su, sai a Afrilun 2018 aka sa.

Abin da ya fi tsarin gwamnati saurin tasiri shi ne gajiyar jama'a da duhu. A 2021 an ɗaga iyakar wutar da kamfani zai samar ba tare da lasisi ba daga megawat 1 zuwa 100, a 2023 kuma aka cire iyakar ɗungurungum. Kamfanonin haƙar ma'adinai, manyan kantuna da masu hannu da shuni suka rufe rufin gine-ginensu da faifai, har jimillar ta kai dubban megawat cikin ɗan lokaci. Sai dai wannan na da nasa ƙalubalen: waɗanda suka fi biyan kuɗin wuta su ne ke janyewa, nauyin kula da layuka kuma ya koma kan talakan da ba shi da kuɗin batir.

Matsalar layukan dakon wuta

Nan ne gizo ke saƙa. An shimfiɗa manyan layukan ƙasar ne don su ɗauko wuta daga Mpumalanga da ke arewa maso gabas su raba wa sauran yankuna. Rana mafi ƙarfi kuwa tana lardin Cape ta Arewa, wajen Upington, iska kuma tana Cape ta Gabas da Cape ta Yamma, wato can ƙarshen layi inda wayoyin suka fi siranta. A gwanjon 2022 an nemi megawat 3,200 na iska, amma ko tasha ɗaya ba a zaɓa ba, saboda babu gurbin da za a jona su. Tsarin Eskom ya nuna ana bukatar sabbin layuka kimanin kilomita 14,000 cikin shekara goma. Tashar sola kan tashi cikin shekara ɗaya ko biyu, amma layin da zai ratsa gonaki da filayen ɗaruruwan mutane yakan ci shekaru a neman izini kawai. A 2024 aka ware sashen dakon wuta ya zama kamfani mai cin gashin kansa a ƙarƙashin Eskom.

Akwai kuma batun lokaci. Bukatar wuta ta fi yawa da magariba a lokacin sanyi, sa'ad da rana ta riga ta faɗi, don haka sai an haɗa da batura, da madatsun da ake tura ruwa sama a sako shi ya samar da wuta idan bukata ta taso, irin na Ingula.

Ma'aikata da kuɗi

Mutane kusan 90,000 ne ke aikin haƙar kwal, a ƙasar da rashin aikin yi ya wuce kashi 30 cikin 100. Shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago ke ɗari-ɗari, kuma Gwede Mantashe, tsohon jagoran ƙungiyar mahaƙa wanda ya riƙe ma'aikatar makamashi daga 2019 zuwa 2024, bai ɓoye goyon bayansa ga kwal ba. Tsoronsu ba na banza ba ne. An rufe tashar kwal ta Komati a Oktoban 2022, Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 497 don mayar da wurin na sola, iska da batura, amma an kashe injinan tun kafin sabbin ayyukan su kankama, garin ya ji jiki. Kwamitin shugaban ƙasa kan sauyin yanayi da kansa ya soki yadda aka tafiyar da abin.

A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, Amurka, Birtaniya, Faransa, Jamus da Tarayyar Turai sun yi alƙawarin dala biliyan 8.5 don taimaka wa ƙasar ta rage kwal. Mafi yawan kuɗin rance ne, abin da bai yi wa 'yan ƙasar daɗi ba, kuma Amurka ta janye a Maris ɗin 2025. Da wuta ta daidaita a 2024, galibi saboda gyaran tsofaffin tashoshi, sai aka ɗage rufe tashoshin kwal na Camden, Grootvlei da Hendrina zuwa 2030.