SDK: ƙunshin kayan ƙera manhaja

SDK shi ne tarin kayan aiki da kamfani ko wata ƙungiya ke haɗawa wuri guda, ta miƙa wa masu rubuta manhaja na waje domin su ɗora nasu aikin a kan nata. Sunan gajartawa ce daga Turanci, Software Development Kit, kuma haka masu sana'ar suke kiransa ko da Hausa suke hira. Abokin cinikin mai SDK shi ne mai rubuta manhaja, wanda zai ɗauki kayan ya saka cikin abin da yake ginawa. Kamar maƙerin Panteka ne a Kaduna da ke haɗa injin markaɗe: ƙarfe da walda nasa ne, amma kan injin da ke juya shi sayowa ya yi, kuma dole ramukan noti su dace da inda ya huda.

A cikin ƙunshin akwai laburaren kod (rubutaccen umarnin da kwamfuta ke bi) da aka riga aka rubuta, da littafin jagora, da 'yan manhajojin misali. Manyan SDK, irin na Android, suna zuwa har da kayan farautar kuskure da wayar kwaikwayo da ke tashi a allon kwamfuta. Ana yawan ɗaukar SDK da API a matsayin abu ɗaya, amma da bambanci. API ƙa'ida ce ta yadda kod zai aika saƙo ga wani kod, misali ga saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, da irin amsar da za ta dawo. SDK kuwa shi ne ɗan aiken da ya riga ya haddace ƙa'idar, ka ba shi saƙo da yaren kod ɗinka, ya je ya dawo.

Tarihi

Kamfanin Sun Microsystems ya fitar da JDK, wato SDK na yaren kod ɗin Java, a 1996, amma wayar hannu ce ta yaɗa kalmar a duniya. Lokacin da iPhone ta fito a 2007, Apple bai ba kowa damar rubuta mata manhaja ba. Steve Jobs ya ce masu so su yi shafukan intanet da za a buɗe ta Safari, manhajar buɗe shafuka ta iPhone. Kamfanin ya sauya shawara, ya saki SDK a watan Maris na 2008, sannan App Store, shagon manhajojinsa, ya buɗe a watan Yuli da manhajoji kusan 500. Google ya bi ta wata hanya: ya ba da samfurin SDK na Android tun Nuwamban 2007, kusan shekara guda kafin wayar Android ta farko ta shiga kasuwa.

Ginawa

Tambaya ta farko ita ce da waɗanne yarukan kod za a fitar da SDK ɗin. Mai manhajar Android yana son Kotlin ko Java, na iPhone yana son Swift, mai amfani da Flutter yana son Dart, na shafin intanet kuma JavaScript ko PHP. Wasu kamfanoni sukan rubuta bayanin API ɗinsu bisa tsarin OpenAPI, na'ura ta samar da SDK na kowane yare daga nan. Akwai sauƙi a ciki, sai dai kod ɗin da na'ura ta fitar yakan zo da sunaye masu nauyin baki, sai an bi shi da hannu.

Inda aikin yake da wuya shi ne hango kuskuren da baƙo zai yi. A ɗauki matashin da ke haɗa wa mai shagon atamfa a Kasuwar Gumi manhajar karɓar kuɗi ta hanyar Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet. Tsarin yana ƙirga kuɗi da kwabo. Turmin naira 5,000 sai a rubuta 500000. In ya rubuta 5000, naira 50 za a cire wa mai saye, kuma ba abin da zai nuna masa an yi kuskure sai ranar lissafi. Haka batun mabuɗai: akwai na fili mai farawa da pk, wanda ake iya sakawa a cikin waya, akwai na sirri mai farawa da sk, wanda wurinsa saba kaɗai. Kowanne kuma yana da na gwaji da na kuɗin gaske. Jagora mai kyau tana kawo waɗannan a shafin farko, domin yawancin masu aiki misalin kod suke kwafa, ba su karanta sauran ba.

Sai yanayin wurin da za a yi amfani da shi. Wanda ya gwada SDK a sabuwar waya da intanet mai gudu bai san halinsa ba tukuna. A ƙaramar Itel ko Tecno da ta cika da hotuna, kowane megabait da SDK ya ƙara wa manhaja yana iya sa mai waya ya fasa saukewa. Idan sabis ya ɗauke a tsakiyar biya, SDK zai sake gwadawa, kuma nan haɗarin yake: in babu lambar shaida ta musamman ga kowane ciniki, wadda saba za ta gane ta taɓa gani, sai a ciri kuɗin mutum sau biyu.

Rarrabawa

A da, fayil ake saukewa daga shafin kamfani. Yanzu kowane yare yana da rumbunsa: npm na JavaScript, PyPI na Python, Maven Central na Java da Android, NuGet na .NET, pub.dev na Dart, Packagist na PHP. Layi ɗaya mai aiki zai rubuta, kayan su sauko da duk abin da suka dogara a kai.

Yawanci kowace sigar SDK tana da lamba uku, kamar 2.4.1, bisa tsarin da Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta. Lambar ƙarshe gyaran kuskure ce, ta tsakiya ƙari ne da ba ya ɓata tsohon aiki, ta farko kuma gargaɗi ce cewa an sauya abin da zai iya karya manhajar da ke kai. Muhimmancin wannan ya fi yawa a waya, domin abin da ya shiga wayar mutum ba ya kiruwa. Kamfani zai iya gyara sabarsa cikin dare ɗaya, amma tsohuwar sigar SDK tana nan a wayar wanda ya shekara biyu bai sabunta komai ba saboda tsadar data, kuma dole saba ta ci gaba da amsa mata.

Dogaro da kayan wani yana da nasa tarihin. A watan Maris na 2016 marubucin left-pad, kod mai layi 11 kacal, ya cire shi daga npm, dubban ayyukan da suka dogara da shi suka tsaya. A watan Mayu da Yuli na 2020 wata matsala daga ɓangaren Facebook ta sa manhajojin iPhone masu ɗauke da SDK ɗinsa, har da Spotify da Pinterest, suna rufe kansu da an buɗe su. A 2021 kuma kamfanin JFrog ya sanar da rufe rumbunsa na JCenter, masu laburaren Android da yawa suka yi ƙaura zuwa Maven Central.

Lasisi da doka

SDK da yawa ana sakin su ƙarƙashin lasisin MIT ko Apache 2.0, masu ba da damar amfani har a harkar kasuwanci. Shari'ar da ta fi shahara a fannin ita ce ta Oracle da Google, kan layukan API na Java kusan 11,500 da aka kwafa cikin Android. A watan Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ce wannan amfani ya halatta. SDK na talla da na ƙididdiga kuma sukan tattara bayanan mai waya ba tare da mai manhajar ya lura ba. Tun Mayun 2024 Apple yake buƙatar a haɗa wasu sanannun SDK da takardar bayanin sirri. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyi a kan mai tattara bayanan jama'a, don haka ɗalibin Kadpoly ko matashin cibiyar fasaha ta CoLab a Barnawa da ya saka SDK na talla a manhajarsa yana da alhakin sanin abin da yake aikawa waje.