Kobot: mutum-mutumin da aka fitar daga keji

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon masana'antar haɗa motoci zai lura cewa manyan hannayen ƙarfen nan masu walda, waɗanda ke lilo suna fesa tartsatsi, a cikin keji suke aiki. An zagaye su da shingen waya, an kuma haɗa ƙofar da makunni, da zarar wani ya buɗe sai komai ya tsaya cak. Dalilin a fili yake. Injin da zai ɗaga rabin mota kamar ya ɗauki faifai ba ya gani, ba ya ji, bai ma san akwai wata halitta wai ita mutum ba. Inda aka ce ya kai hannu nan zai kai, ko da kan wani ne a wurin.

Da jini aka koyi wannan darasi. A watan Janairun 1979, a wata masana'antar kamfanin Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan ta Amurka, wani ma'aikaci ɗan shekara 25 ya hau kantar ajiya don ya ɗebo kaya da hannunsa, sai wani sashe na injin mai nauyin kusan tan guda ya buge shi a ka. Shi ake lissafawa mutum na farko da mutum-mutumi ya kashe. An sake yin irin haka a Japan a 1981, aka kuma yi a masana'antar Volkswagen ta Baunatal a Jamus a 2015, inda matashin da abin ya rutsa da shi yana cikin kejin ne yana aikin girka injin. Tun daga 1961 da aka sa mutum-mutumin masana'anta na farko, mai suna Unimate, a kamfanin General Motors a New Jersey, maganin da aka sani guda ne: a raba gari, inji a ciki, mutum a waje.

Kobot shi ne mutum-mutumin da aka ƙera don ya yi aiki ba tare da wannan rabuwa ba, kafaɗa da kafaɗa da ma'aikaci, a teburi ɗaya, wani lokaci ma a kan kaya ɗaya. An gutsuro kalmar ne daga kalmomin Turanci biyu, "collaborative" mai nufin na haɗin gwiwa, da "robot". Ita "robot" ɗin ma aro ce daga harshen Cek, inda "robota" ke nufin aikin tilas. A Hausa mun saba cewa mutum-mutumi, sai dai kalmar tana kawo wa mai sauraro hoton abu mai kai da ƙafafu, irin wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye. Yawancin kobot ba su da wannan kama ko kaɗan. Hannu ne guda ɗaya mai gaɓoɓi shida ko bakwai, an ɗaure gindinsa da noti a kan teburi, yana ɗaure kusa, ko shafa gam, ko jera kwalaye.

Malamai biyu na Jami'ar Northwestern da ke kusa da Chicago, Edward Colgate da Michael Peshkin, su suka ƙirƙiro kobot na farko a 1996, cikin wani bincike da General Motors ya tallafa wa. Abin sha'awa, na'urarsu ta farko ba ta da injin da zai motsa kaya. Ma'aikaci ne ke turawa da ƙarfinsa, kwamfuta kuma tana karkata tayoyi don kada kayan su kauce hanya, kamar baron da tayarsa ta san inda za ta. Tunaninsu shi ne abin da ba shi da ƙarfin kansa ba zai make kowa ba. Daga baya ma'anar ta sauya. A 2008 wani ƙaramin kamfani a birnin Odense na Denmak, Universal Robots, ya sayar da hannunsa na farko mai suna UR5, nauyinsa kusan kilo 18, yana ɗaukar kilo 5. Wani kamfanin roba ne ya saya, ba katafariyar masana'antar motoci ba, kuma ma'aikata na iya tsara masa aiki a kan allon taɓawa ba sai an kira ƙwararre ba. Manyan kamfanoni suka biyo baya: KUKA na Jamus a 2013, ABB da Fanuc a 2015. Fanuc, wanda aka san injunansa da launin rawaya, sai ya ba kobot ɗinsa koren launi don ma'aikaci ya bambance su tun daga nesa.

To ta yaya ƙarfe mai motsi zai zauna da mutum lafiya? Ƙa'idar da hukumar ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar a 2016 mai lamba 15066 ta bayyana hanyoyi huɗu. Mafi sauƙi ita ce injin ya tsaya idan mutum ya shigo filinsa, ya ci gaba idan ya fita. Akwai kuma wadda mutum ke kama hannun injin yana ja da shi inda yake so. Ta uku ta fi wayo: na'urar leza tana auna tazarar da ke tsakaninsu, mutum na matsowa injin na rage gudu, har ya tsaya kafin a haɗu. Ta huɗu ita ce wadda mutane ke nufi idan sun ce kobot, kuma ita ta yarda tun farko cewa za a yi karo. Abin da take nema shi ne karon kada ya yi rauni. Don haka ake yin hannun da sauƙin nauyi, a goge masa kusurwoyi, a rufe duk wata kafa da yatsa zai iya maƙalewa, sannan a sa masa abin da ke jin ƙarfin da ke bi ta gaɓoɓinsa. Idan ya ji turjiyar da ba ta cikin lissafi, sai ya tsaya cikin ƙiftawar ido.

Sai tambayar da ta fi wuya: ƙarfi nawa ne bai yi yawa ba? Nan fa sai da aka nemi mutane suka ba da jikinsu. A Jami'ar Mainz ta Jamus an tara mutum 100 masu lafiya, ana danna musu wani ɗan ƙarfe a wurare 29 na jiki, a hankali a hankali, kowa ya danna maɓalli a daidai lokacin da matsi ya koma zafi. Irin wannan bincike ne ya ba da jadawalin da ke cikin ƙa'idar. Hannu da yatsu, idan an matse su da wani abu, iyakarsu niyuton 140, wato kamar a ɗora maka kilo 14. Cinya na jure 220, ciki 110, fuska kuwa 65 kacal. Idan bugu ne na wucewa, wanda jiki ke da damar ja da baya, an yarda a ninka adadin sau biyu, amma ban da kai da fuska. Kafin wannan ma wani injiniya a cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus, Sami Haddadin, ya yi shekaru yana sa hannayen inji suna dukan gumakan gwajin haɗarin mota, har ya kai ga miƙa nasa jikin.

Rashin rauni dai shi ne matakin ƙasa. Abin da masu bincike ke fama da shi yanzu shi ne wanda Bahaushe zai kira kara, ko sanin ya kamata. Ka duba mai turin baro a cikin kasuwa. Bai isa a ce bai taka kowa ba. Tun daga nesa yake cewa "gafara dai, gafara dai", yana karkata kafaɗa ta inda zai bi, kai kuma kana kaucewa ba tare da ka tsaya tunani ba. Injin da ke zabura ba gargaɗi, ko da bai taɓa ka ba, zai hana ka sakin jiki, kuma wanda ya yi awa takwas a ɗarare aikinsa ba ya kyau. Shi ya sa kamfanin Rethink Robotics, lokacin da ya fitar da kobot ɗinsa mai suna Baxter a 2012, ya sa masa allo mai idanu biyu da ke duban inda hannu zai nufa kafin ya motsa. Idanun ba sa ganin komai, don ma'aikacin aka yi su. Wata mai bincike, Anca Dragan, ta nuna a Jami'ar Carnegie Mellon cewa hanya mafi gajarta ba ita ce mafi saurin fahimta ba. Idan kofi biyu ne a teburi kuma na dama injin yake nufi, gara ya ɗan lanƙwasa hannu zuwa dama fiye da kima tun farkon motsi, don mai kallo ya gane da wuri. A rumbunan Amazon kuwa, injin dakon kaya mai suna Proteus, wanda aka nuna a 2022, yana haska koren haske a ƙasa gabansa, idan mutum ya shiga hasken sai injin ya tsaya.

Kara ɗin ma tana da wuri da lokaci. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi wani injin kai kaya a wani asibitin Amurka. A ɓangaren masu jego ma'aikatan jinya sun so shi. A ɓangaren masu ciwo mai tsanani kuwa sun tsane shi, domin yana zuwa yana shelar isowarsa a daidai lokacin da hankalinsu ke kan mara lafiya. Inji ɗaya ne, murya ɗaya. Haka kuma injin da ya cika taka-tsantsan, idan ya shiga cunkoso sai ya ga ko'ina haɗari ne, ya sandare a tsakiyar hanya ya tare wa kowa.

Duk wannan yana da farashi, farashin kuwa gudu ne. Kobot ba ya kamo ƙafar injin keji wajen sauri ko ɗaukar nauyi, shi ya sa a 2023 kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai na injunan masana'anta da aka girka a duniya. Baxter da kansa, duk da farin jininsa a jaridu, bai yi kasuwa ba, kamfanin ya rufe a 2018. Masu masana'anta sun fi damuwa da ko hannun zai sa kusa a rami ɗaya sau dubu ba kuskure.

Akwai kuma ruɗin da sunan ke kawowa, wanda a ganina shi ne mafi haɗari. Mutum ya ji an ce kobot sai ya ɗauka ba ya cutarwa. Alhali hannun da zai taɓa ka da niyuton 50 ba ka ji komai ba, idan wuƙa yake riƙe da ita, ko ƙarfe mai zafi, ko farantin gilashi a daidai tsayin wuya, zance ya canza. A wata gasar ces, wato darar Turawa, a birnin Mosko a 2022, wani hannun inji da aka ajiye yana wasa da yara ya kama yatsan yaro ɗan shekara 7 ya karya shi. Masu shirya gasar suka ce yaron ne ya yi gaggawar kai hannu kafin injin ya gama. To ai yaro ne. Tsarin da amincinsa ya dogara ga ɗan shekara bakwai ya yi haƙuri, tun farko bai cancanci a ajiye shi a wurin ba. Wannan ne ya sa da aka sabunta babbar ƙa'idar ISO mai lamba 10218 a 2025, aka daina jingina haɗin gwiwar ga injin kansa, aka jingina shi ga aikin gaba ɗaya: injin, da abin da yake riƙe da shi, da gudunsa, da wurin da mutum zai tsaya.

Saboda haka kafin a bar kobot ya fara aiki, sai ma'aikacin tsaro ya zo da wata na'urar awo mai sifirin a ciki, wanda aka zaɓi taurinsa ya yi daidai da na sashen jikin da ake tsoron a matse, na hannu daban, na ciki daban. Yakan shimfiɗa wata siririyar takarda a kanta mai yin ja gwargwadon matsi, ya ajiye ta a daidai inda yatsa zai iya shiga tsakanin injin da teburi, sannan ya sa injin ya zo ya danna. Idan allon ya nuna sama da 140, ko takardar ta yi jawur a wuri ɗaya, sai a rage gudu ko a naɗa wa bakin hannun roba, a sake gwadawa. Ran da aka canza abin da hannun ke riƙewa kuma, awon ya koma farko.