Fumfunar Gyaɗa da Bambancin Gadonta

Fumfunar gyaɗa, wadda masana ke kira Aspergillus flavus, ƙwayar halitta ce da ke zaune cikin ƙasar gona, tana kama gyaɗa da masara da dawa. Duk wanda ya taɓa ɓare gyaɗar da ta sha danshi a rumbu ya san ta: ƙura ce kore-kore mai ɗan ruwan ɗorawa a jikin ƙwaya, ƙwayar ta yanƙwane, in an tauna sai ɗaci. A jihar Maraɗi, inda gyaɗa ta daɗe tana riƙe da gidaje ta hanyar mai da ƙuliƙuli, sanin wannan fumfuna ya zama dole.

Haɗarinta yana cikin dafin da take fitarwa, wato afulatoksin. An gano shi bayan 1960, shekarar da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Brazil. Dafin yana jawo kansar hanta, musamman ga mai ciwon hanta nau'in B. Suya da dahuwa ba sa kawar da shi, kuma in an matse mai, mafi yawansa yakan zauna ne a cikin tunkuza, wadda ita ce ake soyawa a ba yara.

Sai dai fumfunar ba duka take ɗaya ba. A gona guda ana iya samun zuriyoyi da dama, kamarsu ɗaya a ido, gadonsu daban. Umarnin haɗa dafin yana rubuce ne a wani jeri na ƙwayoyin gado (masu ɗauke da halayen da ake gada) sama da 20 da ke maƙwabtaka da juna a kan kuromosom na 3, wato ɗaya daga cikin zarurrukan da ke riƙe da ƙwayoyin gadon fumfunar. Zuriyar da jerinta ya cika tana iya yin dafi. Wata kuwa an samu canji a ƙwayar gado ɗaya, ko wani yanki na jerin ya ɓace, ko ma dukansa; irin wannan tana cin gyaɗa, tana yaɗuwa, amma ba ta yin dafi ko kaɗan.

Masana sun kuma raba ta gida biyu bisa ƴan dunƙule masu tauri da take yi don ta jure rani a cikin ƙasa. Nau'in L yana yin manya, dafinsa kuma ya danganta da zuriya. Nau'in S yana yin ƙanana masu yawa, kuma galibi dafinsa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Shi aka alaƙanta da annobar Kenya ta 2004, lokacin da mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara. Yawan bambancin nan yana da tushe: an daɗe ana ɗauka cewa fumfunar ba ta barbara, sai a 2009 aka nuna cewa zuriyoyi biyu masu jinsi daban suna haɗuwa su cakuɗa gadonsu.

Yanayi shi ke zaɓen zuriyar da za ta yi rinjaye. Idan ruwa ya ɗauke a makonnin ƙarshe kafin cirar gyaɗa, ƙasa ta yi zafi, shuka ta galabaita, kwanso ya tsage ko gara ta huda shi, fumfuna ta samu ƙofa. Wannan kuwa hali ne da manomin Maraɗi ya sani sarai.

Abin da ya fi ba da ƙwarin gwiwa shi ne bambancin nan ya zama magani. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Ibadan, tare da ma'aikatar noma ta Amurka, ta tace zuriyoyi marasa dafi daga ƙasar Najeriya, ta haɗa huɗu daga cikinsu a maganin Aflasafe. Ana shafa su a jikin ƙwayar dawa da aka kashe wa tsiro, a rina ta shuɗi, a watsa kilo 10 a hekta mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure. Marasa dafin sai su riga masu dafi mamaye gonar. Ana neman zuriyoyin ne daga ƙasar yankin da za a yi aiki da su, domin su ne suka saba da zafinsa da ƙasarsa. Duk da haka, maganin bai ɗauke wa manomi cirar gyaɗa a kan kari ba, da shanya ta a kan tabarma ko tamfol har ta bushe ƙayau, da tsince ƙwayoyin da suka lalace kafin a kai injin niƙa.