Tambayoyi da amsoshi kan aikin mataimakin matuƙi a jirgin saman dakon kaya: albashi, bon da aikin dare

Tun da na ajiye tuƙin jirgin dakon kaya na dawo gida Katsina, tambayoyi iri ɗaya suke ta zuwa mini daga samarin da suka gama makarantar tuƙi da kuma iyayensu, wasu ta waya, wasu a wurin ɗaurin aure. Na tattara su a nan na amsa gaba ɗaya, kuma ina roƙon duk wanda zai neme ni nan gaba ya fara karanta wannan.

Shin mataimakin matuƙi yana tuƙi da gaske, ko kallon kyaftin kawai yake yi?

Yana tuƙi. Kyaftin yana kujerar hagu, mataimaki yana ta dama, suna karɓa-karɓa: wanda ya tuƙa zuwa, ɗayan ya tuƙa dawowa, wanda ba ya tuƙi kuma shi ke magana da hasumiya yana lura da na'urori. Hukunci na ƙarshe dai na kyaftin ne.

Kawu, na gama kwalejin tuƙin jirgin sama ta Zariya, lasisi yana hannuna. Me ya rage?

Da yawa ya rage, ɗana. Lasisin tuƙi na kasuwanci da ka samu bayan awa 200 ko kusa da haka a sama bai ba ka izinin zama a gaban babban jirgi ba, sai ka yi horon samfurin jirgin da za ka tuƙa, misali Boeing 737, hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya ta rubuta shi a lasisinka. Kujerar kyaftin kuma tana buƙatar babban lasisi, wanda ba a bayar da shi ƙasa da awa 1,500. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koya maka tashi da sauka, amma horon samfuri kuɗi ne daban, yawancinsa da dala ake biya, kuma daga nan maganar bon take tasowa, wato yarjejeniyar da kamfani zai biya maka horon, kai kuma ka yi masa aiki na wani wa'adi ko ka mayar da kuɗin.

Nawa ne albashin?

Wannan ita ce tambayar da kowa yake fara yi, alhali ita ya kamata ta zo daga baya. Babu adadi ɗaya, domin abin da ke shiga asusun mataimaki kashi uku ne: tsayayyen albashi, kuɗin kowace awa da ya yi a sama, da alawus na kwana a waje. Kamfanoni da yawa suna faɗa wa saurayi jimillar wata mai kyau, wanda jirgi ya yi ta tashi ba tsayawa, su bar shi ya gano da kansa cewa idan jirgin ya shiga babban gyara na makonni, tsayayyen albashin kaɗai zai gani. Saboda haka ka tambayi tsayayyen, ka tambayi ko akwai mafi ƙarancin awannin da za a biya ka ko an tashi ko ba a tashi ba, ka kuma tambayi nawa za a ba ka a watannin da kake ƙarƙashin kyaftin mai horarwa, domin a lokacin albashin yakan ragu. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100, kai kuma kashi 8, don haka ka duba da idonka cewa kuɗin suna shiga. Ku kuma daina turo mini albashin matuƙan FedEx da UPS, kamfanonin dakon kaya na Amurka. Amurka ta sa sharaɗin awa 1,500 ga mataimaki tun 2013, kuma sai mai izinin aiki a ƙasar suke ɗauka.

Kamfani ya yarda zai biya mini horon samfuri, amma sai na sa hannu a bon na shekara uku. In sa?

Ya danganta da abin da ke cikin takardar, kuma ba zan ce maka e ko a'a ba sai na karanta ta. Ba na ƙin bon a kan kansa. Kamfanin da ya kashe dubban daloli ya horar da kai yana da haƙƙin ya ci moriyar horon, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ma ta tabbatar da irin wannan yarjejeniya a shari'ar matuƙa idan sharuɗɗanta ba su wuce kima ba, don haka kada wani aboki ya ce maka takardar banza ce, ka sa hannu ka gudu daga baya.

Abu na farko da za ka nema shi ne ko bashin yana raguwa wata-wata. A ɗauka, don misali kawai, an rubuta dala 30,000 a kan wata 36. Idan yana raguwa, ka yi wata 24 ka tafi, dala 10,000 ce a kanka. Idan ba ya raguwa, ko saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, dala 30,000 ɗin nan tana nan daram. Sai kuma irin kuɗin da aka rubuta, wanda shi ne ya karya samari da yawa. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance yana wajen naira 460, a farkon 2024 kuma ya haura 1,500. Wanda ya sa hannu a waccan dala 30,000 yana lissafin naira miliyan 13.8 ya wayi gari ana bin sa miliyan 45, albashinsa kuwa na naira bai bi dalar ba. Idan albashinka naira ne, ka nemi a rubuta bon da naira, ko a daidaita farashin canji a cikin takardar tun ranar sa hannu. Wasu kamfanonin za su ƙi, tunda su ma da dala suka biya, kuma uzurinsu ba ƙarya ba ne, amma aƙalla ka shiga kana sane da nauyin da ka ɗauka.

Bayan wannan ka duba ranar da ake fara ƙirga wa'adin. Akwai bambanci mai girma tsakanin ranar sa hannu, ranar da ka ci jarrabawar simuleta (na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi), da ranar da aka sallame ka daga hannun kyaftin mai horarwa, domin a kamfanin da jiragensa biyu ne, ɗaya yana gyara, tazarar tana iya cin watanni da yawa waɗanda ba a lissafa maka ba. Ka duba kuma abin da zai sa a bi ka bashin. Idan kai ka ajiye aiki don ka samu wani wuri, ka biya, wannan adalci ne. To idan su suka rage ma'aikata fa? Idan likita ya hana ka tashi, ko aka dakatar da lasisin kamfanin, ko suka yi wata uku ba su biya albashi ba? Dole takardar ta faɗa a fili cewa a irin waɗannan halaye bon ya faɗi. Idan ta yi shiru, ka nemi a ƙara, idan suka ƙi ƙarawa kuma, ƙin nasu ya gaya maka irin mutanen da za ka yi wa aiki.

Na taɓa ganin takardar da ta ce za a riƙa cire kuɗin horon daga albashi duk wata, sannan a shafi na gaba ta ce cikakken bon yana nan har ƙarshen wa'adi, wato yaron zai biya horo ɗaya sau biyu. Ka nemi a nuna maka rasidin abin da aka kashe a kanka. Ka tambaya ko za a ɗora maka sabon bon a kan tsohon idan aka mayar da kai wani samfurin ko aka ɗaga ka zuwa kyaftin. Kada ka bar wa kowa ainihin lasisinka, littafin awanninka ko fasfonka, kuma kada ka ba da cek wanda ba kwanan wata a kansa.

Duk da wannan, akwai halin da zan ce ka sa hannu ko da takardar ba ta yi maka daɗi duka ba. Idan jiragen kamfanin suna tashi a kai a kai, ma'aikatansa sun shaida ana biyan su a kan kari, samfurin kuma irin wanda ake nema ko'ina ne, to shekara uku na tara awanni sun fi zama a gida lasisi yana tsufa. Wanda ya biya horon samfuri daga aljihunsa ba tare da alkawarin aiki ba yakan tarar kamfanoni suna tambayar awanni a kan samfurin, shi kuma ba shi da ko ɗaya, ga kuɗin sabuntawa yana jiran sa. Ka kai takardar wurin lauyan da ya san dokar ƙwadago, ka kuma nuna wa wani ɗan ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE. Kamfanin da ya hana ka fita da ita na kwana biyu don ka yi shawara bai cancanci sa hannunka ba.

Kyaftin, an ce in tsaya wa yarona a bon ɗin, in kawo takardar gidana. Yaya ka gani?

Alhaji, ka yi haƙuri, amma kada ka kai takardar gidan da iyalinka suke kwana a ciki. Wanda ya tsaya wa mutum, shi ake kamawa idan mutumin ya gaza, kuma gazawar ba lallai ta zama laifin yaron ba, gwajin likita ɗaya yana iya sauke shi. Idan dole sai da mai tsayawa, a rubuta iyakar kuɗin da ke wuyanka, a rubuta cewa yana raguwa tare da bon ɗin, a kuma rubuta ranar da za ka fita daga ciki. Neman wannan ba rashin yarda da ɗanka ba ne, kuma hankalinsa zai fi kwanciya a bakin aiki idan ya san gidan mahaifinsa ba ya cikin lissafi.

Wani ya ce in biya shi, ya sa ni a jirgi in tara awa 500.

Kada ka biya. Matuƙi ake biya ya yi tuƙi.

Tunda ba fasinja, ai aikin ya fi sauƙi?

Wannan maganar tana ɓata mini rai. A ranar 3 ga Satumba 2010 wuta ta tashi a cikin kayan wani Boeing 747 na UPS mai ɗauke da baturan litiyam, hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi, jirgin ya faɗi a Dubai, matuƙan biyu suka rasu. A Afrilun 2013 a Bagram ta Afganistan, motocin soja da aka ɗaure a cikin wani 747 suka zame baya lokacin tashi, mutum 7 suka mutu. Shi ya sa mataimaki nagari yake karanta takardar nauyi da takardar kaya masu haɗari layi-layi, ya kuma leƙa ya ga ragar kaya da makullan ƙasa da idonsa idan tsarin jirgin ya ba da hanya.

Yaya aikin dare yake?

Kaya da dare suke tafiya, don a raba su da safe. Za ka bar otal ƙarfe goma na dare, ka zagaya jirgi da tocila kana duba tayoyi da injina, masu lodi suna tura akwatunan ƙarfe ta ƙofar gefe. Babu ma'aikatan ɗaki, kai za ka ɗumama abincinka ka haɗa shayinka. Tsakanin ƙarfe biyu da shida na asuba jiki yana neman barci ko ka yi na rana, kuma a daidai lokacin ake yawan sauka. Jirgin UPS da ya faɗi kafin ya kai titin sauka a Birmingham ta jihar Alabama ranar 14 ga Agusta 2013, gab da ƙarfe biyar na asuba ya faɗi, kuma masu bincike sun sa gajiya cikin dalilai. Sabuwar dokar hutun matuƙa da Amurka ta fara aiki da ita a 2014 ba ta haɗa da jiragen kaya ba. A Turai iyakar awannin tuƙi ita ce awa 100 cikin kwana 28 da awa 900 a shekara. Ka haddace iyakar da ke cikin dokokin NCAA da littafin aikin kamfaninka, kuma idan ka gaji ka faɗa, ko da kai ne ƙarami a wurin.

Azumi fa?

Matafiyi yana da rangwame a shari'a. Ka tambayi malaminka, ka kuma gaya masa gaskiyar tsawon aikin da bushewar iskar cikin jirgi.

Zan iya zama a Katsina ko Daura ina aikin?

Da wuya. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fi cika lokacin jigilar alhazai, dakon kaya kuwa cibiyarsa Legas ce, sai ƙasashen waje kamar Adis Ababa da Doha. Ka tambaya ko jadawalin yana haɗa ranakun hutu a jere yadda za ka iya zuwa gida, da kuma wanda zai biya tikitin. Kafin ka yi aure, ka zaunar da yarinyar da iyayenta ka gaya musu cewa akwai Sallar da za ta same ka a otal.

Idan lafiya ta hana ni tashi fa?

Gwajin likita duk shekara ne, bayan shekara 60 ya koma duk wata shida, a 65 kuma a ajiye tuƙin haya. Ciwon suga, hawan jini ko matsalar ido suna iya dakatar da kai kafin nan. Ka tambaya ko kamfanin yana da inshorar rasa lasisi, nawa take biya, kuma ko tana aiki tun daga watan farko ko sai bayan an tabbatar da kai a aiki.