Gyaɗar da muke warewa gefe, cikin wa take ƙarewa?

Da kakar bara na shiga wani gida a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zagayawa aikin riga-kafi, na tarar da matan gidan zaune a inuwar rumbu suna ɓarar gyaɗa. Faifai biyu ne a gabansu. Ɗaya na manyan ƙwayoyi jajaye masu sheƙi, na kai wa kasuwa. Ɗayan kuwa na tsamurarru ne, da fasassu, da waɗanda ƙwaro ya huda, da masu ɗan baƙi-baƙi ko kore-kore a tsaga. Na ce wa dattijuwar gidan, "Inna, wannan ta gefen fa, zubarwa za a yi?" Ta dube ni da mamaki. "Haba ɗan nan, a zubar da abinci? Soyawa za mu yi a kai inji. In mai ya fita, tunkuzar a yi ƙuliƙuli, saura a dama wa yara kunu. Ai wuta tana kashe komai."

Ban ga laifinta ba, domin haka na tashi na ga ana yi a gidanmu. Amma gubar da fumfuna ke zubawa a irin wannan gyaɗa, wuta ba ta kashe ta. Kuma a asibitinmu ne muke ganin ƙarshen labarin: magidanci ɗan shekara talatin da biyar ko arba'in, ya zo ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi rawaya, hannu da ƙafa sun rame, haƙarƙarin dama na ciwo. Yawanci an sha jiƙe-jiƙen shawara wata da watanni kafin a kawo shi. Mu tura shi babban asibiti, hoto ya nuna sankarar hanta, a ce an makara. Wanda ya taɓa tsayawa gaban iyalin irin wannan mutum yana neman kalmar da zai faɗa musu, ba zai ƙara kallon faifan nan na biyu da ido ɗaya ba.

Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, wani lokaci har da dawa da busasshen barkono, tana zuba wata guba a cikin ƙwayar, ana kiranta afulatoksin. Fumfunar a ƙasa take zaune, a gonakinmu. Tana samun ƙofa idan ruwa ya ɗauke da wuri shuka ta sha fari a ƙarshen damina, ko gara da tsutsa sun huda kwanson, ko an fasa shi wurin cira. Sai kuma ta ƙara yaɗuwa idan an tara amfani da sauran danshi a ɗaki mai zafi. Gubar ba a ganinta da ido. Suya ba ta kawar da ita duka, tafasa ma haka. Kuma idan aka matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama, wato a ƙuliƙuli, da yajin tsire, da abincin kaji.

Duniya ba ta san da ita ba sai a 1960, lokacin da 'yan tsakin talotalo kimanin dubu ɗari suka mutu a Ingila. Da aka bi sawu, sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil aka haɗa musu abinci. Daga nan bincike ya kankama, har hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya wannan guba a rukunin farko, wato sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji, sahu ɗaya da hayaƙin taba. Idan kuwa aka ci ta da yawa a lokaci guda, ba ta jiran shekaru. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da suka noma da hannunsu suka adana da danshi, 125 daga cikinsu suka rasu.

Mu dai abin da ya fi damunmu shi ne na kaɗan-kaɗan, na kullum. Hanta ita ce matatar jiki, duk abin da muka ci sai ya bi ta kanta. Garin ƙoƙarin narkar da gubar sai hantar ta mai da ita wani abu mafi kaifi, wanda yake manne wa ƙwayoyin gado na tantanin hantar ya ɓata rubutunsu. A cikin waɗannan ƙwayoyin gado akwai wani mai gadi da masana ke kira p53, aikinsa tsayar da duk tantanin da ya fara lalacewa kafin ya hayayyafa. A 1991 masu bincike suka gano cewa a wurin masu sankarar hanta na yankin Cidong a ƙasar Sin da na kudancin Afirka, mai gadin nan wuri guda ake yawan samun an ji masa rauni, wuri mai lamba 249. Inda ba a cin wannan guba, da wuya a ga raunin. Kamar ɓarawo ne da ya saba shiga ta taga ɗaya.

Yanzu har kwamfuta an koya wa gane sawunsa. A 2013 masana a cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij a Ingila suka zuba bayanan ƙwayoyin gado na ciwon daji fiye da 7,000 a na'ura, suka bar ta ta tsefe su da lissafi, ta ware irin tambarin da kowane sanadi yake bari: na taba daban, na zafin rana a fata daban. Daga baya aka ƙara na afulatoksin a jerin, shi ne tambari mai lamba 24. Ma'ana, ana iya duba ƙarin da aka ciro daga hantar mutum a ce wannan gubar fumfuna ta taka a nan. Da irin wannan fasaha ta koyar da na'ura kuma ake gwada kyamarori masu tace ƙwayar masara da gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, ana kuma haɗa bayanan ruwan sama da zafi don a yi hasashen yankin da fumfuna za ta yi yawa kafin a girbe. Ina murna da wannan aiki, ina fatan ya iso mu. Sai dai abin da ya fi taɓa ni a duk binciken da aka yi bai buƙaci ko wutar lantarki ba, zan zo kansa.

Kafin nan, dole in yi maganar abokin tafiyar gubar, domin ba ita kaɗai take aikin ba. A birnin Shanghai an bi lafiyar maza fiye da 18,000 na tsawon shekaru, ana auna fitsarinsu da jininsu. Wanda aka samu alamar gubar kaɗai a jikinsa, haɗarin sankarar hanta ya ninka masa kusan sau uku. Mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B kaɗai, kusan sau bakwai. Wanda ya haɗa biyun kuwa, kusan sau sittin. Ku sake karanta wannan. Ba uku a tara da bakwai ba ne, ninki ne kan ninki. To a Najeriya, babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin kowane ɗari na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, kuma akasarinsu ba su sani ba, don takan yi shekara ashirin ko talatin ba ta ce uffan ba. Yawancin masu ita a ƙasashenmu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka: daga uwa wurin haihuwa, ko ta askar da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli da ita, ko reza ɗaya ta yankan farce. Ba a ɗaukarta ta cin abinci a kwano ɗaya, ko gaisawa, don haka babu dalilin ƙyamar mai ita.

Wannan ƙofar tana da makulli. Allurar riga-kafin cutar hanta tana cikin jerin na yara a Najeriya tun 2004, kuma kyauta ce. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, sai sauran a sati 6, da 10, da 14. Ta ranar haihuwar nan ita muka fi rasawa, saboda an haihu a gida, an ce jariri ba ya fita sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. Iyayenmu mata, da ungozomomi, da ku magidanta: in maijego ba za ta iya fitowa ba, a naɗe jaririn a zane kaka ko gwaggo ta kawo shi, ko a aiko a kira mu. Mai ciki kuma, in kin zo awo ki ce a gwada miki jinin ciwon hanta. In an samu, akwai maganin da likita kan ba wasu masu cikin a watannin ƙarshe don kare abin da ke cikin. Babba ma ya gwada. Wanda ba shi da ita ya yi allura, mai ita kuma ya riƙa zuwa ana duba hantarsa, ya nisanci giya da jiƙon da bai san abin da ke ciki ba. Ba kowa ke buƙatar shan magani ba, likita ne zai auna.

Yanzu ga binciken da na ce zan zo kansa. A ƙasar Gini, a yankin Kindiya, aka zaɓi ƙauyuka 20 na manoman gyaɗa. Goma aka bar su da yadda suka saba. Goma kuma aka nuna musu abubuwa ƙalilan: a tsince lalatattu da hannu kafin a adana, a shanya a kan tabarma ba a ƙasa ba, a tabbatar ta bushe sarai, a zuba a buhun algarara mai shan iska, a ɗora buhunan a kan katako, a yi maganin ƙwari a ɗakin ajiya. Bayan wata biyar aka auna jinin mutanen. Gubar da ke jinin waɗanda suka bi wannan tsari ba ta kai rabin ta sauran ba. An buga sakamakon a 2005. Tabarma, da katako, da idon mace mai tsinta.

Saboda haka nake roƙon manomanmu da a cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada a bar ta a busasshiyar ƙasa ana jiran a gama da gero. A kifa ta 'ya'yan suna kallon rana. Ta roro, wadda ta daɗe a ƙasa, kada a gauraya ta da sauran. Masara kuma a daina zube ta a gefen kwalta ko a tsurar ƙasa raɓa na sauka a kai, a shimfiɗa tamfol, a tattara da yamma. In ana shakkar bushewa, ga gwajin da malaman gona suka koya mana: a sami busasshiyar kwalba, a zuba tsabar masara da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a ajiye ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Gyaɗa kuwa sai an ji tana kacau-kacau a cikin kwanso. Buhun nan mai ninki uku da muke zuba wake yana tsare masara ma, amma fa sai ta bushe ƙarau, in ba haka ba an kulle ta ne da danshinta.

Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar tare da masana daga Amurka. Ƙwayar dawa ce shuɗiya da aka lulluɓe da irin fumfunar da ba ta yin guba, aka samo ta daga ƙasarmu. Ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, sati biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna tana rage gubar da fiye da kashi 80 cikin ɗari. A tambayi malamin gona na yanki.

Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Don haka mai kyau ake tacewa a fitar, mu ma a ƙauye mai kyau muke kai wa kasuwa, ta gefe ta dawo tukunyarmu. Wannan ne ke ci mini rai, musamman da yake yara ne ke shan kunun. A Jamhuriyar Benin da Togo an auna yara 480, aka ga waɗanda suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan gubar a jini, kuma tana hauhawa ne daga lokacin yaye, sa'ad da aka koma kunun masara da gyaɗa. Uwa ta ci gaba da ba da nono, shi ne mafi aminci. Kunun yaye kuwa, daga faifan kasuwa za a ɗebi gyaɗarsa.

Na san zubar da kwano guda na gyaɗa ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ake auna hatsi da gwangwani. Ƙanana da fasassun da ba su canja launi ba, a fara cinye su da wuri kada a adana. Amma mai fumfuna, da mai baƙi, da mai ɗaci a baki, ba ta mutum ba ce. Ba ta kaji ba ce, don tana kashe tsaki tana rage ƙwai. Ba ta saniya ko akuya ba ce, don tana fitowa a nono. A haƙa rami mai ɗan zurfi nesa da rijiya a binne ta, inda yara da dabbobi ba za su tono ba.