"Hawan Jinin Ido": Sunan da Ake Laƙaba wa Tabon da Ba Nasa Ba

Duk shekara idan watan Maris ya kama, lokacin makon wayar da kai kan cutar gilakoma a duniya, kalmar "hawan jinin ido" da ake kiran cutar da ita takan cika gidajen rediyo, kuma takan daɗe a bakin jama'a bayan makon ya wuce. Kwanan baya na ji wata mai sauraro ta bugo waya tana cewa ta yi mako uku tana ganin tabo ruwan ɗorawa a tsakiyar duk abin da ta duba da idon dama, sai mai gabatar da shirin ya yanke mata hukunci nan take cewa ai hawan jinin ido ne. Amsar ta dame ni ƙwarai, domin irin wannan tabo ba ya cikin alamomin cutar da ya ambata, kuma wanda aka ba sunan ciwon da ba nasa ba, maganin da ba nasa ba zai nema.

Sunan kansa ne tushen ruɗanin, domin babu jini a cikin lamarin. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa kullum, yana fita ta wata 'yar magudana. Idan magudanar ta gaza, sai matsin cikin ido ya hau, wanda a lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, ya riƙa cin jijiyar gani sannu a hankali. Daga gefe cutar take farawa, babu ciwo babu launi, kuma tsakiyar gani ce takan rage har ƙarshe, shi ya sa mutum kan yi shekaru da ita bai sani ba. Binciken makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. Launin da aka san ta da shi shi ne zoben bakan gizo kewaye da fitila, a nau'inta mai zuwa farat ɗaya da jan ido da azababben ciwo, wani lokaci har da amai.

Tabon da ya kafe a tsakiyar ganin ido ɗaya, wanda yake bin ido duk inda ya juya, yawanci daga bayan ido yake. Can akwai tantanin da hoto ke sauka a kansa, kuma a tsakiyarsa akwai ɗan gurbi da likitoci ke kira makula, wanda da shi ake karatu, ake gane fuska, ake zura zare a allura. Wani tela a unguwarmu, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, ya wayi gari da tabo ruwan ƙasa a idon hagu, layin ɗinki ya koma masa a karkace, maɓalli kuma ya riƙa yi masa ƙanƙanta idan ya rufe idon dama. Mai kemis ya ce masa hawan jinin ido ne, ya sayar masa da maganin ɗigawa, ya yi wata guda yana ɗigawa babu sauyi. Da aka auna matsin idon a asibiti aka same shi daidai. Ruwa ne ya tsattsafo ya taru a ƙarƙashin makula ya ɗaga ta, kamar yadda danshi ke kumbura fenti a jikin bango. Wannan lalura ta fi kama maza tsakanin shekara 30 da 50, an danganta ta da yawan damuwa da kuma magungunan sitiroyid, irin su deksametazon da telan ya daɗe yana sha saboda ciwon gaɓɓai ba tare da likita ya rubuta masa ba. Irin wannan sinadari yana cikin wasu mayukan bilicin da ƙwayoyin sa ƙiba, abin da ya kamata masu shirin rediyo su riƙa faɗa da babbar murya. Sau da yawa ruwan kan janye da kansa cikin wata uku zuwa shida, kuma haka aka yi wa telan bayan likita ya rage masa maganin mataki-mataki har ya daina.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, hawan jini na ainihi yana taɓa ido, amma sunan ya riga ya tafi gidan wani. Jijiyar da ke mayar da jini daga tantanin bayan ido tana iya toshewa ga mai hawan jini, jini ya fantsama, mutum ya ga duhu ko tabo a ido ɗaya ba tare da ciwo ba. Ciwon suga ma yana kumbura makula, ko ya haifar da sababbin jijiyoyi marasa ƙwari da ke fashewa, sai a ga jan hazo ko baƙaƙen zaruruwa suna yawo. Haka masu sikila, musamman masu rukunin SC. Ga dattijai akwai lalacewar makula ta tsufa. Kallon rana kai tsaye ba tare da kare ido ba, kamar yadda wasu suka yi a husufin 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Gana da Najeriya da Nijar da Chadi, yana ƙona wurin, galibi a ido biyu, yayin da fitilar leza da yara ke wasa da ita kan ƙona ɗaya.

Akwai kuma abin da ake haɗawa da wannan alhali dabam yake, wato walƙiya mai launi-launi da ke zuwa kafin ciwon ɓarin kai. Wannan daga ƙwaƙwalwa take, ana ganinta ko an rufe kowane ido, kuma ba ta cika wuce awa ɗaya ba.

Gwajin farko a gida ake yinsa: a rufe ido ɗaya da tafin hannu, a dubi bakin ƙofa ko layukan littafin rubutu, sannan a sauya. Idan tabon a ido ɗaya yake, ya kuma kwana bai tafi ba, to wurin likitan ido za a nufa, ko a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko a duk asibitin ido mafi kusa, kuma awon matsi kaɗai bai wadatar ba, sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa tantanin baya, an auna jini da suga. Idan kuwa tabon ya zo da walƙiya, da ɗige-ɗige masu yawa kamar garken ƙudaje, ko wani labule da ke rufowa daga gefe, wannan yana iya zama tantanin ne ke ɓallewa, kuma a ranar ake zuwa asibiti.