Tafiyar neman asali daga zangunan Gana zuwa ƙasar Hausa

Tafiyar neman asali, wasu suce neman tushe ko bin salsala, ita ce doguwar tafiyar mota da jikokin Hausawa mazauna zangunan ƙasar Gana keyi zuwa arewacin Najeriya ko kudancin Nijar domin su sada zumunci da dangin da kakanninsu suka baro, su kuma binciko daga wane gari, wace unguwa, wane gida ma aka fito. Galibi daga Kumasi ake tasowa ko Akara ko Tamale ko Salaga, a nufi Kano ko Katsina ko Sakkwato ko Kabi, kusan dai hanyar da fataken goro suka bi ce ake sake bi amma ta baya, su sun tafi da jakuna a ƙasa cikin wata biyu zuwa uku, jikokinsu suna dawowa a bas cikin kwana biyu ko uku in hanya tayi kyau. Ba wata hukuma ke shirya ta ba, gida ne ke haɗa kuɗi a tura mutum ɗaya ko biyu, sau da yawa bayan wani tsoho ya rasu ya bar wasiyya cewa a je a nemo ƴan uwansa.

Yadda akai dangin suka rabu

Goro ne ya raba su, shi ne gaskiyar magana. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu da albasa busasshiya, su haye kogin Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Borgu ta Nikki da Jugu, ko kuma su bi ta Gurma su ɓullo Sansanin Mango da Yandi har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja inda Asantawa ke kawo goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara a wannan fatauci. To duk inda ayari ke ya da zango sai ka ga wani ya tsaya, ko rashin lafiya ta tsare shi ko bashi ko kuma ya ga mata ya aura, a haka zango ya tashi daga wurin kwana ɗaya ya koma unguwa mai sarki da liman.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874 kasuwar Salaga ta fara ja da baya, sai yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa ta, mutanenta suka watse zuwa Kete Karachi da Kintampo da Yeji, daga baya Kumasi da Akara. Shi yasa gida ɗaya sai ka tarar reshe a Karachi reshe a Kumasi, kowanne yana cewa daga Salaga muka zo, amma kafin Salaga fa? nan ake yin shiru. Alhaji Umaru na Kete Karachi, malamin nan mawallafi da aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a 1934, yana cikin waɗanda wannan yaƙi ya tasa. Akwai kuma waɗanda ba goro ya kai su ba, soja ne, Turawa sun ɗebo su daga Ikko cikin rundunar da ake kira ta Hausa a shekarun 1870, da yawansu bayi ne da suka gudo, sannan akwai malamai da mahauta da wanzamai, har yau a Gana mai yi wa yara kaciya ana ce masa wanzam ko da ba Bahaushe bane.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 goro ya koma bin teku zuwa Ikko sannan a loda shi a jirgi, tsohuwar hanyar ƙasa ta mutu, kuma da ita ce saƙo ke zuwa yana komawa. Sai kuma siyasa tazo ta ƙara tsinka abin, a watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta bai wa baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, gidaje da yawa suka rabu biyu, uba ya koma Najeriya da wasu ƴaƴan uwa ta zauna da sauran, a 1983 kuma gwamnatin Shagari tayi irin nata korar. Yawancin masu tafiyar neman asali na yanzu ɗaya daga cikin waɗannan tsinkewar suke ƙoƙarin ɗaurewa.

Abin ma ba sabo bane. Alhassan Ɗantata da aka haifa a Bebeji a 1877, bayan rasuwar mahaifinsa mahaifiyarsa ta tafi Akara ta bar shi a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga ita sunan ya samo asali, da ya tasa sai ya bi ayarin Gwanja ya je ya same ta can. Wato shi tasa tafiyar neman dangin daga Kano ta nufi kudu.

Hanya

Hanyoyi biyu ne. Ta bakin teku ita aka fi bi, daga Akara zuwa Aflawo a shiga Lome, a ratsa Togo a shiga Binin, Kwatano sannan Seme sai Ikko, wajen kilomita 460 ne kacal amma boda uku za ka tsallake kuma kowace da nata shingayen, ga canjin kuɗi daga sidi zuwa sefa zuwa naira wanda in mutum bai iya lissafi ba ƴan canji sun gama dashi tun kafin ya ga Najeriya. Daga Ikko ana kwana a Agege ko wani zangon Hausawa a kama motar arewa, Badun, Ilori, Jabba, Mokwa, Kaduna, Zariya, Kano, wajen kilomita 1,000 kenan. Ta biyun ita ce ta sama wadda tafi kusa da sawun fatake, daga Tamale ko Yandi a shiga arewacin Togo a ɓulla Jugu da Faraku, sai a shigo Najeriya ta Nikki ko kuma a haura Kandi a faɗo jihar Kabi. Ga wanda Sakkwato ko Argungu ya nufa ita tafi sauƙi, sai dai matsalar tsaro a arewacin Binin da Togo tasa mutane da yawa sun daina binta, haka ma a cikin Najeriya direbobi kan kauce wa hanyar Birnin Gwari saboda ƴan bindiga.

A ƙa'ida yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza, fasfo da katin allurar shawara kawai ake nema. A aikace kam sai mutum ya tanadi ƴan canji a aljihun gaba. Kuma boda kan rufe ba sallama, Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ma an rufe wasu, sannan Nijar ɗin ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka wanda asalinsa Maraɗi ne ko Damagaram ko Ƙonni sai ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya.

Ba a zuwa hannu rabbana. Daga Gana ana riƙo atamfa da sabulu da cakulan da ɗan goro na al'ada, a dawo da kilishi da huluna da turare da shadda.

Yadda ake binciken

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya bambanta da irin na Turawa masu zuwa coci ko ofis su buɗe rajistar haihuwa su ga sunan kakan kakansu da kwanan wata. A da Bahaushe ba ya da sunan iyali da ake gada, sunansa ne da na ubansa, Audu ɗan Mamman, to Audu nawa ne a Kano a zamanin Sarki Abbas? Saboda haka abin da mai nema ke riƙewa guda uku ne zuwa huɗu, sunan gari ko unguwa, laƙabi, sana'a, sai kuma zanen fuska. Laƙabi yafi sunan yanka amfani nesa ba kusa ba, in kace kakana Abdullahi ba wanda zai motsa amma in kace ana ce masa Dogo mai jakuna ko Na Gwanja ko Baƙo mai kanwa sai kaga wani tsoho ya ɗago kai. Sunan unguwa kuwa shi ne makulli, wanda ya zo da Kano kawai a bakinsa ya zo da wahala, wanda ya riƙo Madabo ko Koki ko Dala ko Zangon Barebari ya ci rabin tafiya.

Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Baƙo zai sauka wurin wani da aka haɗa shi dashi, kashegari a kai shi gidan mai unguwa, in ƙauye ne wurin dagaci. A zaure za a shimfiɗa tabarma ya cire takalmi ya durƙusa yace ranka ya daɗe, ni baƙo ne daga Kumasi, kakanmu ya bar wasiyya wai nan ne gidansu. Mai unguwa ba zai ce komai ba tukuna sai an kawo ruwa an gaisa an tambayi hanya da mutan gida, sannan ya aika yaro a kira liman da wanzamin unguwa da wani dattijo ko biyu. Su kuma ba amsa suke fara bayarwa ba tambaya suke, yaro wace sana'a kakan naka yake yi, yana da zane, guda nawa a kowane kunci, ya taɓa ambaton sunan wani wansa ko ƙanwarsa, wace rijiya ko wace bishiya yake yawan faɗa. Wanzami yana da muhimmanci a nan don gidan wanzamai gado ne, su suka san irin askar kowane gida, kuma daga hoton tsoho ɗaya mai zane suna iya cewa wannan Bagobiri ne ko Bakabe ko Babarbare, ba ma ɗan nan bane ku nufi gaba.

Amma waɗanda suka fi kowa riƙe salsala tsofaffin mata ne, kuma abin haushi su ake mantawa da tambaya. Namiji zai lissafo maka uba da kaka ya tsaya, ita kuwa gwaggo ko iya tana daga cikin ɗaki zata faɗa maka wa ya auri wa, wa aka yaye a gidan wa, wane ne ya tafi Gwanja shekarar fari bai dawo ba uwarsa ta yi ta kuka har ta makance. Shi yasa masu dabara ke tafiya da mace a ayarin don ita ke iya shiga cikin gida. Sau da yawa ma kama ce ke yanke hukunci, tsohuwa ta kalli goshin baƙo ko yatsun ƙafarsa tace wannan jinin gidan nan ne ba sai an rantse ba.

Takarda tana nan amma kaɗan ce. Gidajen malamai kan rubuta haihuwa da rasuwa da ajami a gefen Alƙur'ani ko cikin kundi, kuma tsofaffin takardun rabon gado na kotun alƙali kan lissafa magada har da wanda aka ce yana tafiya. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa da kuma Arewa House, a Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, a Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Gana kuma jami'ar Legon ta tara rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman zango tun shekarun 1960. Sai dai rahotannin Turawan mulki sarakuna da hakimai da jimillar haraji suka dama dasu, talaka mai jaki uku da wuya sunansa ya fito, don haka waɗannan wurare sun fi amfani ga wanda ya fito daga gidan sarauta ko na malanta.

Abin da akan tarar

Ba kowa ke dawowa da labari mai daɗi ba. Wani ya tarar gidan ya zama kango ko an sayar an gina shaguna. Wani a karɓe shi hannu biyu har sai an fara tunanin ko gado ya zo nema, nan take fuska ta canza, shi yasa masu hankali tun a zauren mai unguwa suke faɗa da bakinsu cewa zumunci ya kawo mu ba gona ba gida. Wani kuma binciken ya kai shi inda bai zata ba, a gano kakan bawa ne da ya ɗauki sunan garin ubangidansa, irin wannan dattawa kan rufe da cewa ai ɗan gida ne su bar shi a haka, kuma mai hankali ba ya matsawa. Sannan da yake a Gana kusan duk musulmin zango mai jin Hausa ana masa kallon Bahaushe, akwai waɗanda suka taso suna cewa mu Hausawa ne sai bincike ya nuna Zabarmawa ne daga wajen Doso ko Kotokoli daga Sokode ko Wangarawa, Hausar zama ce kawai ta haɗa.

Harshen ma kan jawo raha, Hausar zango bata cika bambance namiji da mace ba, baƙo yace matata ya zo yara su fashe da dariya, a kira shi Bagwanje ko ɗan Gana. In kuma aka gano asalinsa Bazazzagi ne a tsakiyar Kanawa, ko Babarbare a hannun Fulani, to wasan taubasai ya tashi kenan, za a ce dama bawanmu ne ya ɓata ya dawo.

Idan an dace, akan kai baƙo maƙabarta yayi wa magabata addu'a, a zaga dashi gida gida ana nuna shi, a yanka masa kaza ko rago, ya rubuta sunaye a littafi ko ya ɗauki muryar tsofaffi a waya. Yanzu kafin ya hau motar komawa an riga an buɗe guruf na WhatsApp an zuba ƴan Kumasi da ƴan Kano ciki, wasu gidajen ma sukan bi da haɗa aure ko su turo yaro karatun allo ko jami'a wurin dangin da aka gano, shi kuma yaron in hutu yayi shi ke kai saƙo Kumasi ya dawo da atamfa.